Tsoho da sabo a kanta ɗaya: yadda aikin tara sojojin G.I. Joe yake tafiya

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau na haɗa kabad ɗin gilashi a ɗakin ƙasa, na daidaita kantocinsa huɗu, na goge. Soja ɗaya ne rak a ciki, shi ma sabo. Aikin da na ɗora wa kaina shi ne tara sojojin roba na wasa na G.I. Joe goma sha uku da kamfanin Hasbro ya fara fitarwa a 1982, kowanne iri biyu: tsohon na wancan lokaci mai tsawon inci 3.75, da sabon da ake yi tun 2020 a jerin Classified mai inci 6. Sunayensu Breaker, Clutch, Flash, Grand Slam, Grunt, Hawk, Rock 'n Roll, Scarlett, Short-Fuze, Snake Eyes, Stalker, Steeler da Zap. Tara daga cikinsu a kwali ake sayar da su ɗai-ɗai, huɗu kuwa sai an sayi mota ko makami ake samunsu a ciki.

Asalin abin daga Kaduna ne. Ina firamare Yaya ya dawo daga Kasuwar Barci da wani ɗan sojan roba da ya tsinto a tulin kayan wasa na gwanjo. Baƙar fata ne, da gashin baki, da kaki kore mai dabbare-dabbare, da hular nan ta soja da ake karkatawa gefe ɗaya. Ba bindiga, ba kwali, ba suna. Ya kai shekara biyu a aljihuna kafin wata rana ya rabu biyu daga ƙugu. Na ɗaure shi da zare, na ɗaure da robar tiyub ɗin keke, duk ya ƙi tsayawa, har ya ɓace a wani tashin gida da muka yi. Sai da na zo Columbus ta Amurka, na shiga wani kanti da ɗana, na ga fuskar nan a jikin kwali, a girme, sannan na san Stalker ake ce masa. Shi ne wanda ke cikin kabad ɗin yanzu.

Ƙa'ida ɗaya na kafa wa kaina: ba zan sayi sabo in bar shi shi kaɗai ba, sai na nemo masa tsohonsa.

Lahadi, 28 ga Janairu

Tsohon Stalker ya iso ranar Alhamis, dala 45 har da kuɗin aike. Mai shi ya faɗi gaskiya tun farko cewa ƙafafun sun saki. Da na ɗaga shi kuwa sai suka riƙa reto, gangar jikin tana juyawa yadda ta ga dama. Ciwon da ya kashe nawa na yarinta ke nan, sai dai wannan bai kai ga tsinkewa ba.

Bayan la'asar na shimfiɗa farin tawul a tebur don kada wani abu ya gangara ya ɓace. A tsakiyar bayansa akwai rami, inda ake cusa jakar goyo, kuma a can ciki sukuru yake. Ya ɗan yi tsatsa, don haka na ɗiga masa mai kaɗan, na bar shi minti goma, sannan na danna ƙaramar sukudireba da ƙarfi kafin in murɗa, saboda idan kan sukurun ya cinye an shiga wani aikin. Ya kwance. Ƙirji da baya suka rabu kamar ɓawon gyaɗa, kai da hannuwa suka zubo kan tawul. A nan na ga abin da shekara talatin da wani abu ban taɓa gani ba: wani ɗan baƙin zoben roba ne ke riƙe da sojan gaba ɗaya. An rataye shi a wani turke cikin ƙirji, ya ratsa ta ƙugu, ya maƙale a ƙugiyar ƙarfe da ta haɗa cinyoyi biyu. Na wannan ya bushe ya tsattsage, ina taɓa shi da hantsaki ya ɓare.

Sabon zoben irin na masu gyaran famfo ne, ana samunsa a shagon kayan gini da 'yan kuɗi kaɗan. Na saƙala shi a ƙugiya, na zaro ta ƙugu, na ja shi na ɗora a turken, na mayar da kai da hannuwa gurbinsu, na rufe. Sau biyu hannun hagu yana zamewa kafin in kai ga ɗaure sukurun. A karo na uku ya kama. Na tsayar da shi a tebur ya tsaya cak.

Na daɗe ina kallonsa. Da a lokacin akwai wanda ya san da sukurun nan a unguwarmu, da gyaran minti ashirin ya ceci nawa.

A ƙasan bayansa an buga 82-83, wato na fitowa ta biyu ne. Na 1982 hannunsu daga gwiwa kawai yake lanƙwasa. A 1983 aka ƙara gaɓa a dantse mai juyawa, don soja ya iya riƙe bindiga da hannu biyu. Masu tarawa sun fi tsadanta na farkon. Ni na biyun nake so, ya fi ƙwari, kuma na tuna nawa yana juya dantse.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Mako uku ke nan su biyun suna tsaye a kanta ta sama, kuma kullum na sauko sai na ƙara ganin wani abu.

Tsohon bai kai rabin sabon a kauri ba, kansa da ƙyar ya wuce ƙugunsa. Hularsa a zube take tare da kai, ba ta cirewa. Bindiga ɗaya ce kayansa. Dabbaren kakin 'yan layuka ne aka shafa. Sabon kuwa hular tana cirewa, ga gyale a wuya, ga ɗamara da aljihuna, ga wuƙa da ƙaramar bindiga kowace da gidanta. Gwiwa da gwiwar hannu kowace gaɓa biyu gare ta, yana iya durƙusawa kamar mutum. Amma da zan tsaya a bakin ƙofa in kalle su daga nesa, mutum ɗaya nake gani: hula a karkace, gashin baki, kore. Wanda ya zana sabon ya san abubuwa ukun nan su ne Stalker, ya bar su yadda suke, ya zuba ƙwarewarsa a sauran wurare. A wajena ma'aunin ke nan da zan riƙa auna sauran goma sha biyun da shi. Idan ɗana ya kalli tsohon ya iya nuna min sabonsa ba tare da na faɗa masa ba, to an yi aiki.

Na kuma sayi katin bayanansa daban, wanda wani yaro ya taɓa yankewa daga bayan kwali da almakashi, gefen ma a karkace. Larry Hama ne ya rubuta yawancin katunan nan, shi ne kuma marubucin mujallar zane ta G.I. Joe da Marvel ta buga daga 1982 zuwa 1994, fitowa 155. Katin ya ce sunansa Lonzo Wilkinson, ɗan Detroit, kuma yana jin Sifaniyanci da Larabci da Faransanci da Swahili. Wannan ya taɓa ni. A 1965 Hasbro ta fitar da baƙin soja na farko a cikin manyan sojojin G.I. Joe na wancan lokaci masu inci 12, amma fuskar Bature ce aka sauya wa launi. Shekara goma sha bakwai bayan haka ga wani da fuskarsa ta kansa, da garinsu, da harsuna huɗu, kuma yana cikin jagororin tawagar. Yaya bai san komai daga wannan ba, ya dai ce ya ɗauko shi ne don ya yi kama da mu.

Asabar, 9 ga Maris

Grunt ya shigo, tsoho da sabo a mako ɗaya. Katinsa ya ce a Columbus ta jihar Ohio aka haife shi, ɗana ya yi ta murna wai ɗan garinsu ne.

Abin da na lura: a 1982 kuɗin zubi ya yi wa kamfanin kaɗan, sai suka riƙa maimaita sassa. Kan Grunt shi ne na Zap da Grand Slam. Hawk da Flash da Short-Fuze da Steeler kai ɗaya suke rabawa, launin gashi kawai ake sauyawa. Breaker da Clutch da Rock 'n Roll su ma gemu ɗaya ne. Ke nan a irin waɗannan sabon zane yana da aikin da tsohon bai yi ba, dole ya ba kowa fuskarsa. Sabon Grunt ya samu tasa, ta saurayi maras hayaniya, kuma an bar masa kore zalla da hular kwano da bindigar M-16. Na gamsu.

Azumi ya gabato, na rufe saye sai bayan Salla.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ranar Salla muna gaisawa da Hajiya ta bidiyo, ɗana ya karɓi wayar ya sauka da ita ɗakin ƙasa don ya nuna mata kabad. Ta yi shiru, sannan ta ce a ba ni.

"Auta, waɗannan mutum-mutumin fa?"

Na ce, "Hajiya, kayan wasa ne, irin wanda Yaya ya taɓa saya min."

Ta ce, "To na ji. Amma a ɗakin kake salla?"

Gaskiya wani lokaci a nan nake yi idan na makara ina aiki. Ban yi mata musu ba, don maganarta tana kan hanya, kuma ni ma abin ya taɓa zo min a rai. Washegari na mayar da darduma sama, uwargida ta ɗinka labule mai kauri muka rataya a gaban gilashin. Sai zan yi aiki a kansu nake yaye shi. Hankalina ya fi kwanciya haka.

Maganar suna ta sa na koma karatun asalin abin. Bana shekara 60 ke nan da fitowar G.I. Joe na farko a 1964, sojan ƙasa da na ruwa da na sama da na kundumbala, kowanne kusan inci 12, da tabo a kumatun dama. Damuwar kamfanin a lokacin ita ce iyayen Amurka ba za su saya wa ɗa namiji 'yar tsana ba, sai suka hana a kira shi da wannan suna, suka raɗa masa action figure, sunan da ya bi duk irin kayan har yau. A Ingila kamfanin Palitoy ya fara yin nasa a 1966 da sunan Action Man. Da yaƙin Biyetnam ya sa mutane suka ƙosa da kayan wasan soja, a 1970 aka cire masa kaki aka mai da shi ɗan yawon kasada, ya ci gaba a haka har 1976. Dawowar 1982 kuwa a ƙaramin jiki aka yi ta, don a lokacin kayan wasan Star Wars na kamfanin Kenner sun nuna cewa idan soja ƙarami ne, yaro zai iya mallakar motarsa da jirginsa. Wato su kansu "tsofaffin" nawa sabuntawa ce ta wani tsohon da ya gabace su.

Asabar, 8 ga Yuni

Ranar ba ta yi daɗi ba, amma zan rubuta.

Da sassafe na tafi kasuwar tsofaffin kaya a wajen gari. A teburin wani dattijo, cikin kwandon roba, na tono Rock 'n Roll, gemun rawaya bai goge ba, jigidar harsashi biyu a gicciye a ƙirji, fentin zinariyarsu da saura. Har da hular kwano da mashinga. Na biya ba tare da na ja ciniki sosai ba.

A gida na ga abu biyu. Na farko, bindigar ba ta asali ba ce. Robar ta fi sheƙi, ta fi sauƙi a hannu, layin zubin ma ya yi kauri. Akwai masu buga irin waɗannan sassa yanzu, kuma ba laifi ba ne idan an faɗa. Ban ɗauka dattijon ya sani ba, kwandon gaba ɗaya ya ce ya saya. Na biyun kuma ni na jawo. Ina ɗokin in ga ya riƙe bindigar, na tura mariƙinta cikin tafin hannunsa na dama, sai na ji ƙas. Babban yatsan ya ɓalle ya faɗa kan tawul, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na san da wannan, na karanta shi ba sau ɗaya ba: robar da ta shekara arba'in ba ta ba da kai, kuma yatsa da gaban ƙugu su ne suke fara karyewa. Ya tsallake hannun yara da ɗakin ajiya na shekaru da yatsunsa cikakku, a hannuna ya rasa ɗaya.

Na manna shi da gam mai ƙarfi, da bakin tsinken sakace na ɗiga. Ya kama, amma layin yana nan ga mai dubawa, kuma hannun ba zai ƙara riƙe komai ba. Daga yau tsofaffin ba sa riƙe makami. A gabansu zan riƙa ajiye shi.

Sababbin nasu hatsarin daban ne. Gaɓoɓinsu kan zo a ƙage, kuma wanda ya murɗa da ƙarfi zai iya tsinke turken. Ina tsoma su a ruwan zafi na kamar minti ɗaya kafin in motsa kowace gaɓa. Haka na yi wa sabon Rock 'n Roll da daddare, ya saki lafiya.

Lahadi, 21 ga Yuli

Scarlett da Snake Eyes sun fi kowa cin lokacina, don kowannensu sababbi fiye da ɗaya gare shi, dole in zaɓa.

Jerin Classified ya fara ne a 2020 da mutum biyar: Roadblock, Snake Eyes, Destro, Duke da Scarlett, kowanne dala 19.99. A 2024 na yau da kullum ya kai 24.99. A zubin farkon nan an so a nuna zamani, sai aka yi wa Scarlett sulke mai ruwan zinariya a ƙirji da ƙafafu, bindigogin wasunsu kuma kamar na yaƙin sararin samaniya. Na samu ɗaya da araha na tsayar kusa da tsohuwar, na kira ɗana. Ya duba ya ce, "Abba, gashin dai iri ɗaya ne." Gashin kawai. Tsohuwar kayanta masu laushi ne, na mai saurin motsi, da baka mai kunama a hannu. Sulken ya mai da ita wata daban. Aiki ne mai kyau a karan kansa, fuskar ma ta yi, amma ba sabuntawar wannan ba ce.

A farkon bana aka sake fitar da ita a jerin da ake mannawa a kwali irin na da, mai zanen wuta ja da rawaya a bayan soja. Wannan ta koma ga launukanta da sauƙin kayanta. Da na sauya su yaron bai tsaya tunani ba, ya nuna ta. Ita ta hau kanta, mai sulken ta koma akwati.

Labarin Snake Eyes ya fi ban sha'awa. Na 1982 baƙi ne wuluk daga kai har ƙafa, ko ɗigon fenti babu, kuma dalilin tsimin kuɗi ne: an hana shi fenti don a samu na shafa wa sauran. Rufe fuskar ma ya rage aiki. Sai ga shi wanda aka fi rage wa kaya shi ya fi duka farin jini. A 1985 aka sake shi da takobi da wani shinge a ido da kerkecinsa Timber, kuma wannan kamannin ne akasarin mutane suka sani, shi ne kuma na 2020 ya bi. Amma nawa tsohon ba ɗan takobi ba ne, kwamando ne mai tabarau da bindigar Uzi da jakar nakiya. Don haka na nemi wanda ya fito a 2021 tare da Timber, mai tabarau. Kerkecin na ba ɗana.

Tsohon Snake Eyes shi ne mafi tsada a duk abin da na saya zuwa yanzu, kuma shi ne mafi wuyar dubawa, tunda baƙar roba tana ɓoye tsagewa. Sai da na haska gwiwar hannunsa da tocila, kusa da ƙusar ƙarfen, kafin in biya.

Asabar, 31 ga Agusta

Jif ɗin VAMP ta Classified ta iso da Clutch a ciki, kusan dala ɗari. Ta fi ƙarfin kanta, sai da na cire gilashi ɗaya na haɗe hawa biyu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ashe har da motoci a lissafin?" Na nuna mata takardar: huɗu daga cikin sha ukun da abin hawa ko makami suka zo, kuma Clutch ba tare da jif ba direba ne a ƙasa. Mun yi magana ta fahimta, muka tsayar cewa a sababbi ita ce mota ta ƙarshe a bana. Tsohuwar VAMP tana hanya, an ce sitiyarinta da jarkokin bayan suna nan, su ne suka fi ɓacewa.

Sabon Breaker ma da babur ya zo, wanda ya fito a 2021. Na same shi a hannun wani da ya riga ya buɗe kwalin. Tsohonsa bai da bindiga tun asali, hular kwano ce da abin magana na kunne da jakar rediyo. Abin kunnen siriri ne kamar tsinke, shi nake nema har yanzu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Lissafi ya zuwa yau. Waɗanda suka cika tsoho da sabo: Stalker, Grunt, Rock 'n Roll, Scarlett, Snake Eyes, Clutch. Breaker saura abin kunne. A tsofaffi na ƙara Flash da Zap, dukansu suna jiran sabon zobe, kuma Zap yatsunsa biyu a karye na saye shi, don bazukarsa ta shahara da karya su. Hawk, Steeler, Short-Fuze da Grand Slam ban fara ba. Akwai sabon Hawk a kanti, amma kamannin 1986 ne, mai jaket ɗin fata da gashi mai duhu, ba mai rawayan gashin 1982 ba, don haka na bar shi a inda yake.

Jiya na kira Yaya, na yaye labule na kai wayar kusa da kanta ta sama. Sabon ya fara gani, ya ce wannan ai ƙato ne. Da na sauke kyamarar kan ƙaramin sai ya matso da fuskarsa.

"Kai, auta! Ba shi ne wanda ka yi ta kuka a kansa ba?"

Na ce, "Ɗan'uwansa ne, Yaya. Na gano abin da ya karye a wancan."

Na kwance bayan Flash a gabansa, na nuna masa turken da ƙugiyar da busasshen zoben. Ya ce yanzu ma a gwanjo yana ganin irinsu jefi-jefi, a rabe biyu, masu kaya suna zubarwa. Na roƙe shi duk wanda ya gani ya ɗauka, ko da ƙafa ɗaya ce. Zobe ashirin da ƙaramar sukudireba na sa a ambulan, wani abokin aiki da zai je gida a Disamba zai kai masa.

Aikin makon nan: zoben Flash da na Zap, sannan in auna kanta ta uku in ga ko tankar MOBAT ta Steeler za ta shiga.